Ɗigon Ruwan Sukari Don Rage wa Jariri Zafin Allura

An shirya wannan ɗan littafi domin ungozomomi, da malaman asibiti, da ma'aikatan ɗakunan shan magani, da kuma iyaye. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Maganar da ke ciki ita ce: ɗigo biyu ko uku na ruwan sukari, in aka ɗiga su a kan harshen jariri minti biyu kafin a yi masa allura ko a ɗebi jininsa, suna rage masa wahala ƙwarai. Amma fa wannan ruwa magani ne. Yana da ma'auni, yana da lokaci, yana da wanda ya kamata ya bayar da shi. In an kauce wa waɗannan, abin da aka nufa da alheri sai ya koma cuta.

1. Ashe jariri yana jin zafi?

Mutane da yawa suna cewa jariri bai san zafi ba, wai jikinsa bai yi ƙwari ba tukuna, kuma ko ya ji, nan da nan zai manta. Wannan zato bai tsaya ga waɗanda ba su yi karatu ba. Har cikin shekarun 1980, a manyan asibitocin Turai da Amurka, an sha yi wa jarirai aiki da wuƙa da ɗan maganin sa barci kaɗan, wani lokaci ma ba tare da maganin kashe zafi ba sam. Likitocin wancan lokaci suna tsoron kada maganin ya tsayar da numfashin jariri, sa'an nan sun ɗauka jijiyoyinsa ba su isa kai labarin zafi zuwa ƙwaƙwalwa ba.

A shekarar 1987 wani likita haifaffen Indiya, mai suna Anand, ya bayyana abin da ya gano a Oxford ta ƙasar Ingila. Ya bincika bakwaini waɗanda aka yi wa aikin wata jijiya da ke kusa da zuciya. Waɗanda aka ba maganin kashe zafi mai ƙarfi sun fi samun sauƙi. Waɗanda ba a ba su ba kuwa, jininsu ya nuna alamun wahala mai tsanani, kuma sun fi gamuwa da matsaloli bayan aikin. A cikin wannan shekara ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi sanarwa cewa ƙanƙantar jariri ba hujja ba ce ta hana shi maganin kashe zafi.

A 2015, a Oxford ɗin dai, aka sa jarirai da manyan mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗan tsikare su a tafin ƙafa. Wurare 20 suka motsa a ƙwaƙwalwar manya. Daga cikin waɗannan, 18 sun motsa a ƙwaƙwalwar jarirai. Saboda haka yanzu ba sauran gardama. Jariri yana jin zafi tun ranar da aka haife shi, har da bakwaini. Abin da ya rasa shi ne bakin faɗa.

2. Yadda a ke gane zafi a jikin jariri

Tun da ba zai ce "wayyo ƙafata" ba, tilas ma'aikaci ya koyi karanta jikinsa. Kuka shi ne alamar da kowa ya sani, amma fuska ta fi kuka gaskiya. Jaririn da ke jin zafi yakan tattare gira, ya runtse ido da ƙarfi, layin nan da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki ya yi zurfi, ya wangale baki, harshe ya ƙage. Yakan dunƙule hannu ko ya baza yatsu, ya janye ƙafar da aka soka. Bugun zuciyarsa yakan ƙaru, numfashi ya birkice, iskar da ke cikin jininsa ta ragu.

A lura da bakwaini da jariri marar lafiya ƙwarai. Sau da yawa ba su da ƙarfin kuka. Sai a soke su su yi shiru, jiki ya saki, mai aiki ya ce ai wannan bai ji kome ba. Amma in an duba na'ura sai a ga zuciya tana gudu. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Shirun irin wannan jariri gajiya ce, kada a ɗauke shi jin daɗi.

3. Sau nawa a ke soka jariri, kuma me zafin ke bari a baya?

Jariri mai lafiya ma ba ya tsira daga allura. Tun kwanakin farko a ke yi masa ta rigakafin tarin fuka, watau BCG, da ta ciwon hanta, a wurare da yawa kuma har da ta bitamin K wadda ke hana zubar jini. Wanda aka kwantar a asibiti kuwa, nasa ya fi haka nesa. Akan soki dunduniyarsa a auna sukarin jininsa, a ɗebi jini a duba shawara, a nemi jijiya don ƙarin ruwa, a zura masa roba ta hanci don abinci, a zuƙe majina, a ɓare filasta daga fata mai laushi.

An taɓa ƙidaya waɗannan abubuwa a asibitocin birnin Faris da kewayensa, aka buga sakamakon a 2008. An bi jarirai 430 waɗanda ke kwance a ɗakunan kulawa ta musamman. Aka tarar a tsakaice kowane jariri ana yi masa abu mai zafi sau 10 a rana, kuma wajen huɗu cikin biyar na waɗannan an yi su ne ba tare da an ba shi wani abu musamman don rage zafin ba. Wannan fa a ƙasar Faransa ke nan, inda ba a rasa magani ba.

Zancen cewa jariri yana mantawa shi ma yana bukatar gyara. Gaskiya ne in ya girma ba zai ba da labari ba, amma jikinsa yana riƙewa. A 1997, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Anna Taddio da abokan aikinta sun nuna cewa yara maza da aka yi wa kaciya suna jarirai ba tare da maganin kashe zafi ba, sun fi sauran yara kuka da tattare fuska a wajen allurar rigakafi bayan wata huɗu zuwa shida. Watau zafin farko ya sa na baya ya fi yi musu tsanani.

4. Yadda aka gano amfanin sukari

Wani masani Ba'amurke mai suna Elliott Blass ya fara gwaji da 'ya'yan ɓeraye a cikin shekarun 1980. Ya ga in an ɗiga musu ruwan sukari a baki sukan daina kuka, sukan kuma fi jure zafi. Da ya ba su wani magani mai toshe aikin abubuwan kashe zafi waɗanda jiki da kansa ke yi, sai amfanin sukarin ya ɓace. Daga nan aka fahimci cewa zaƙi a kan harshe yana sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin.

A 1991 Blass da abokiyar aikinsa suka gwada a kan jarirai. Waɗanda aka ba mililita 2 na ruwan sukari kafin a soki dunduniyarsu, kukansu ya ragu da rabi in an gwada da waɗanda aka ba ruwa zalla. Bayan wannan aka yi ta gwaje-gwaje a ƙasashe dabam dabam. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci ta auna ƙarfinsu, ta haɗa bincike 74 waɗanda suka ƙunshi jarirai fiye da 7,000. Ta tabbatar ruwan sukari yana rage alamun zafi a wajen sukar dunduniya, da ɗibar jini ta jijiya, da allurar tsoka.

Abu biyu suka fito fili daga waɗannan gwaje-gwaje, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe su. Na ɗaya, aikin a harshe ya ke. In an zuba ruwan sukarin ta robar hanci ya wuce ciki kai tsaye, ba ya yin kome, domin jariri bai ɗanɗana ba. Na biyu, zaƙin ne ke aiki. Sukarin rake, wanda likitoci ke kira sukuros, shi ne aka fi gwadawa. Gulukos ma yana yi. Amma sukarin da ke cikin madara, da ya ke zaƙinsa kaɗan ne, ba ya yin wannan aiki shi kaɗai.

5. Irin ruwan da yawansa

Ruwan da aka fi amfani da shi shi ne mai ƙarfin kashi 24 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, a cikin kowane mililita 100 na ruwan akwai giram 24 na sukari. Inda babu shi, ana amfani da gulukos mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Asibitin da ke da ruwan gulukos mai kashi 50, mai haɗa magani yana iya gauraya shi da tsabtataccen ruwan allura, rabi da rabi, ya koma kashi 25.

Yawan da a ke bayarwa ƙanƙane ne ƙwarai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2016, ta ambaci mililita 0.1 zuwa mililita 1, gwargwadon girman jariri, ta kuma ce a rubuta shi a lissafa shi kamar kowane magani. A 2018 aka buga wani bincike da aka yi a Kanada a kan jarirai 245, aka ba waɗansu mililita 0.1, waɗansu 0.5, waɗansu 1. Ba a ga bambanci tsakaninsu ba. Ƙaramin ma'aunin ya yi aikin da babban ya yi.

Domin a gane ƙanƙantar wannan, ga misali. Mililita 0.1 wajen ɗigo biyu ne. Cokalin shayi guda yana ɗaukar mililita 5, watau ninki 50 na abin da jariri ke bukata. Sukarin da ke cikin ɗigo biyun nan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayar sukari guda irin wadda a ke jefawa a shayi ba. To, wanda ya ɗauki cokali ya ɗura wa jariri ya riga ya bar hanyar magani.

6. Yadda a ke bayarwa

Ga yadda ma'aikaci zai bi, ɗaya bayan ɗaya:

(a) Ya gaya wa uwa abin da za a yi da dalilinsa, ya nemi yardarta.

(b) Ya wanke hannu da sabulu, ya shirya kayan aikinsa duka tun kafin ya taɓa jariri, don kada a tsaya neman auduga bayan an soma.

(c) Ya tabbata jariri yana farke kuma yana iya haɗiya. A riƙe shi kansa a ɗan ɗage.

(d) Ya ɗebi ruwan da ƙaramin sirinji wanda aka cire wa allura, ya ɗiga a gaban harshe, ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Kada a fesa zuwa maƙogwaro, jariri zai ƙware.

(e) Ya jira minti biyu. Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Mai gaggawa yakan ɗiga da hannun dama ya soka da na hagu, sa'an nan ya ce maganin ba ya aiki. Ƙarfin zaƙin yana kai wa matuƙa ne bayan minti biyu, ya kuma daɗe wajen minti huɗu.

(f) A ba jariri abin tsotso, ko robar tsotso mai tsabta ko yatsan ma'aikaci cikin safar hannu. Zaƙi da tsotso in sun haɗu sun fi kowane ɗayansu shi kaɗai.

(g) In aikin ya ja lokaci, a ƙara ɗigo ɗaya a tsakiya.

(h) A rubuta a katin jariri: wane ruwa, nawa, ƙarfe nawa, don wane aiki.

Ruwan sukari wuri ne da ƙwayoyin cuta ke son hayayyafa. Saboda haka kowane jariri da nasa sirinji. Abin da aka haɗa yau kada ya kwana, a zubar da ragowarsa a haɗa sabo.

7. Inda ƙarfinsa ya tsaya

Ruwan sukari na ƙaramin zafi ne mai wucewa da sauri. Ba ya isa ga kaciya. Binciken Cochrane da aka ambata ya nuna haka. Jaririn da za a yi wa kaciya yana bukatar maganin kashe zafi na sosai daga hannun likita. Haka nan ba ya isa ga aikin wuƙa, ko ƙuna, ko karaya, ko wani ciwo mai daɗewa. A irin waɗannan, in an ba da shi, ƙari ne kawai a kan magani.

Akwai kuma wani bincike da ya kamata a sani. A 2010, a birnin Landan, Rebeccah Slater da abokan aikinta sun gwada jarirai 59. Sun ba waɗansu ruwan sukari, waɗansu ruwa zalla, sa'an nan aka soki dunduniyarsu ana auna motsin ƙwaƙwalwa da na'ura. Waɗanda suka sha sukari fuskarsu ta fi kwanciya, amma labarin zafin da ya isa ƙwaƙwalwarsu bai ragu ba. Tun daga lokacin masana suka rabu: waɗansu suna ganin sukari yana kashe zafin, waɗansu suna ganin kwantar da jariri kawai ya ke yi. Ko wanne ne gaskiya, kwanciyar jariri da daidaituwar numfashinsa riba ce. Amma darasin da ke ciki babba ne: kada ɗigon sukari ya sa ma'aikaci ya ga kamar suka ba kome ba ce. Maganin zafi na farko shi ne a rage yawan sukar. Gwajin da ba lalle ba ne, a bar shi. Gwaje-gwajen da za a iya yi da jini ɗaya, a haɗa su a ɗiba sau ɗaya. Jijiyar da ta gagari sabon ma'aikaci sau biyu, ya kira wanda ya fi shi hannu.

Amfanin zaƙi ya fi ƙarfi a makonnin farko na haihuwa. Yana raguwa yayin da yaro ke girma, bayan shekara guda kuwa ba a dogara da shi.

8. Jariran da ba a ba su, da waɗanda a ke yi wa hattara

Ba a ba jaririn da ba ya cikin hayyacinsa, ko wanda aka ba maganin barci mai nauyi, ko wanda ba ya iya haɗiya. Ba a ba wanda cikinsa ya kumbura a ke zaton ciwon hanji, ko wanda likita ya hana a sa masa kome a baki, sai likitan ya yarda. Akwai kuma wata cuta ta gado, wadda ba ta da yawa, da ke hana jiki sarrafa irin sukarin da ke cikin rake da 'ya'yan itace. Jaririn da aka san da ita a danginsa, ba a ba shi sukuros.

Bakwainin da aka haifa kafin mako 31 yana bukatar hattara ta musamman. Wani bincike da aka yi a Kanada ya nuna waɗanda aka ba fiye da sau 10 a yini guda cikin makonsu na farko, ci gabansu ya ɗan ja baya in an gwada da waɗanda aka ba ƙasa da haka. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ke rubuta kowane ɗigo. Ma'aikacin dare ba zai san abin da na rana ya bayar ba sai ya gani a kati.

Wani lokaci jariri yakan ƙware, ko ya yi ɗan tari, ko numfashinsa ya ɗan tsaya na 'yan daƙiƙoƙi. Galibi wannan yana wucewa da kansa. Ma'aikaci ya dakata, ya ɗaga kan jariri, ya lura da shi har ya daidaita.

9. Nonon uwa da jikin uwa

Kafin a nemi sukari, a nemi uwa. Jaririn da ke kan nono sa'ad da a ke yi masa allura yana samun abu huɗu a lokaci guda: tsotso, da ɗanɗanon nono, da ɗumin jikin uwarsa, da ƙamshinta wanda ya sani. Gwaje-gwaje sun nuna wannan yana rage kuka da alamun zafi kamar yadda ruwan sukari ke yi, wani lokaci ma fiye. Ba a saye, ba a haɗawa, ba ya ƙarewa a ɗakin magani. A sa jariri a nono minti biyu kafin allurar, ya ci gaba da sha har a gama. Tsoron da waɗansu ke yi cewa zai ƙware, ko zai ƙi nono daga baya, bincike bai gaskata shi ba.

In jariri bai isa kama nono ba, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su da zane, tun minti goma ko goma sha biyar kafin a soma. Wannan dabara, wadda a ke kira renon kangaru, an fara ta ne a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda ƙarancin kwalaben renon bakwaini. Daga baya aka gano tana rage zafi ma. In uwa ba ta da lafiya, uba ko kaka suna iya yi. In jariri yana cikin kwalba ba a iya fito da shi, wani ya dafa shi da hannu biyu, ya tattara hannuwansa da ƙafafunsa zuwa ƙirji kamar yadda ya ke a ciki.

Ke nan wurin ruwan sukari shi ne inda nono bai samu ba: uwa tana ɗakin aiki, ko tana wani asibiti, ko jariri bai iya tsotso ba tukuna. Al'adar nan ta korar uwa waje a rufe ƙofa kafin a ɗebi jinin ɗanta, ya kamata a bar ta.

10. Gargaɗi ga mutanen gida

Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Kada wani ya karanta wannan littafi ya koma gida ya ce likitoci sun yarda a ba jariri ruwan sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba kome, sai magani in an rubuta. Ɗigo biyun asibiti suna cikin magani. Kofin ruwan sukari na gida kuwa yana cika cikin jariri ya rage masa shan nono, nonon uwa ya ja baya, kuma in ruwan ko cokalin ba su da tsabta ya kawo gudawa.

A kiyaye waɗannan:

Kada a zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri, a maye gurbinsa da ruwan sukari. Dakashi shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka.

Kada a ba yaron da bai shekara ba zuma. Tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jikin jariri har ta hana shi numfashi.

Kada a rikita wannan ruwa da ruwan gishiri da sukari na masu gudawa. Wancan sukarinsa kaɗan ne, aikinsa mayar da ruwan jiki. Ba ya rage zafin allura, wannan kuma ba ya maganin gudawa.

Kada a rufe bakin jariri mai yawan kuka da zaƙi. Kuka yana da dalili: yunwa, ko jiƙewa, ko zazzaɓi, ko ciwo. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko idonsa ya yi rawaya, ko numfashinsa ya yi sauri, asibiti za a kai shi a ranar.

Sa'an nan kada a ce tun da an sami abin rage zafi, sai a miƙa jariri ga wanzami a cire masa beli ko a yi masa tsaga. Sukari ba ya tsayar da jini, ba ya kashe ƙwayar cuta da ke bakin aska, ba ya hana ciwon sandarewar jiki, watau tetanus. Sukar da a ke rage wa zafi ita ce wadda lafiyar jariri ta tilasta.

11. Ranar rigakafi

Iyaye mata da yawa sukan ƙi komawa rigakafi na biyu saboda kukan da yaro ya yi a na farko. Wannan asara ce babba, domin zafin allura na minti ɗaya ne, cutar da ta ke karewa kuwa tana iya kisa ko ta nakasa yaro har abada. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarwari a kan rage zafi a wajen rigakafi. Ta ce uwa ta riƙe ɗanta a jikinta, ta ba shi nono lokacin allurar ko gab da ita. Ma'aikaci ya natsu, ya yi magana a hankali, kada ya yi alkawarin ƙarya cewa ba zafi. In allurai sun fi ɗaya, a bar mai zafin a ƙarshe. Ta kuma ce inda a ke ba da rigakafin gudawa na rota, wanda a ke ɗigawa a baki, a fara da shi kafin allurai, domin akwai sukari a cikinsa. Nijeriya ta sa wannan rigakafi cikin jerin na yara a 2022. Ke nan a ranakun da a ke ba da shi, zaƙin yana hannun ma'aikaci, abin da ya rage shi ne ya san wanda zai fara da shi.

Uwa tana da ikon tambaya. Ta ce, "Malama, in ba shi nono kafin ki yi?" Ma'aikaciyar da ta san aikinta za ta ce to, ta kuma jira minti biyun.

Tambayoyi don maimaitawa

1. Faɗi alamu huɗu na zafi da a ke gani a fuskar jariri.
2. Me ya sa ba a zuba ruwan sukari ta robar hanci?
3. Giram nawa na sukari ke cikin mililita 100 na ruwa mai ƙarfin kashi 24 cikin 100?
4. Minti nawa a ke jira bayan an ɗiga, kafin a yi allura?
5. Faɗi jarirai iri uku waɗanda ba a ba su wannan ruwa.
6. In uwa tana nan kuma jariri yana iya kama nono, me za a fara yi?
7. Wata kaka ta ce za ta riƙa ba jikanta ruwan sukari a gida don ya daina kuka. Me za ka gaya mata?

Wanda ya amsa waɗannan daidai, ya koya wa abokin aikinsa. Allah ya raya mana jariranmu cikin lafiya.